Neman kalma: me za mu kira boljoyin da Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar koya wa yaran gareji aikin ƙafar gaba ta tsofaffin motoci, sai aka cije a kan boljoyin. Sifirin da bushin sun zauna a baki, shi kuwa kowa da yadda yake faɗarsa, balle rubutawa. An kawo shawarar "gwiwar mota". Me kuka gani?

Bakanike, Kano: Wa alaikumus salam. Malam, gwiwa ba ta yi ba, don gaba da baya kaɗai take lanƙwashewa. Shi wannan dunƙulen ƙarfe ne zaune cikin kwano, da giris a ciki, an rufe da roba. Yana barin taya ta yi sama da ƙasa a gargada, ta kuma juya hagu da dama idan an murza sitiyari, duk a lokaci guda. In da jikin mutum za a kwatanta, kafaɗa ce ko mahaɗin cinya da ƙugu. Ni "gaɓa" na zaɓa.

Malamar Hausa, Zariya: Oga, gaɓa ta dace, ga jam'inta a shirye, gaɓoɓi. Sai dai tana da faɗi. Gaɓar me?

Mai sayar da kayan mota, Maraɗi: Malama ta taɓo inda ke ciwo. Mu nan da Faransanci muke cewa rotil, kuma sunan ya haɗa abu biyu: wanda ke ƙarƙashin taya a bakin hannun ƙasa, wato ƙarfen da ke haɗa taya da jikin mota, da wanda ke kan tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya. Shi ya sa yaro kan zo sayen ɗaya ya koma da ɗayan. Kalmar da za a tsayar ta raba su.

Bakanike, Kano: To, a ce "gaɓar ƙafa" da "gaɓar sitiyari". Dama ƙafa muke kiran wannan ɓangaren gaba ɗaya. Gwajin ma yana raba su. A ɗaga mota da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza: in ta yi ƙwas-ƙwas, gaɓar ƙafa ce ko boris, wato abin da taya ke juyawa a kansa. A sa wani ya taka birki, in motsin ya ɗauke, boris ne. In kuwa sai an kama ta hagu da dama take motsi, a duba gaɓar sitiyari. Abin da ke kashe su kusan kullum ɗaya ne: roba ta tsage, giris ya fita, ƙasa da ruwa su shiga su cinye kwanon. Ta ƙafar ita ce mai haɗari, don in ta fice ana tafiya, taya kwanciya take yi. Saboda haka kafin a biya kuɗin boljoyin na Beljiyam, wato na hannu, a Ƙofar Ruwa ko Panteka, a murza kan da hannu. Mai rai yana da tauri, ba ya lilo. Wanda ke faɗuwa gefe da kansa ya gama aiki, ko da an wanke shi yana ƙyalli.

Mai sayar da kayan mota, Maraɗi: A ƙara da cewa ba duka ake canzawa iri ɗaya ba. Na Golf 3 kusoshi uku ne ke riƙe shi a hannun ƙasa. Na Fijo 406 murza shi ake yi cikin ƙarfen da ke riƙe boris, sai da soket nasa na musamman. Na 206 a jikin hannun yake, gara a sayi hannun sukutum, a samu sabon bushin a ciki. Bushin kuwa ba a ɗaure shi tamau sai mota ta sauka kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri. A canza hagu da dama tare, sannan a je alayimen, wato daidaita tayoyi.

Malamar Hausa, Zariya: Gyara ɗaya: tunda gaɓa mace ce, a takardar a rubuta "gaɓar ƙafa ta mutu", kada a bi boljoyin a ce "ya mutu".

Mai tambaya: Madalla, an tsaya a kan gaɓar ƙafa da gaɓar sitiyari. Za a sa boljoyin da rotil a gefensu a shafin farko, don a kasuwa da su za a tambaya, tare da tsohon a hannu. Saura shokabzoba.