Wa gajerun kalmomin waya suka taɓa ɗaure wa kai?

Ɗan Ringim: Salamu alaikum jama'a. Jiya ƙanwata ta turo min "slm yy ykk y gd ngd". Sai da na karanta sau uku kafin na gane gaisuwa ce: salam, Yaya, ya kake, ya gida, na gode. Ban ma amsa ba, har ta gode! Kowa ya faɗi nasa.

Maman Biyu, Garko: Naka da sauƙi. Ranar da ɗana ya cika shekara ashirin abokansa suka yi ta rubuta masa "HBD LLNP". Kawunsa ya leƙa wayar, ya ɓata rai, ya ce wace sabuwar jam'iyya ce kuma yaron nan ya shiga? Shi NNPP ya sani. Ashe murnar zagayowar ranar haihuwa ce, da fatan tsawon rai da arziki.

Mai Awaki: Ni asara na kusa yi. Na aiki yarona kasuwar Maigatari ranar Alhamis da bunsuru biyu. Na tambaye shi an sayar? Ya rubuto "Alh". Na ɗauka Alhajin da nake bi bashi ne ya sake ɗauka, na kira yaron ina ta faɗa. Wai alhamdulillahi yake nufi, kuɗi na aljihunsa.

Tsohon Malami, Kazaure: Ku yi wa yaran uzuri, mu muka koya musu. Bayan zuwan wayar salula a 2001, saƙo ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, in ka wuce a caje ka kuɗin biyu, ga maɓalli sai ka danna sau uku ko huɗu kafin harafi ya fito. Dole ka cinye wasula. Zamanin manhajar hira ta 2go ya zo ya ƙarasa lalata abin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne "xan xo" maimakon "zan zo". Me aka rage?

Maman Biyu: Malam, gayu ne kawai.

'Yar Babura: Ni kunya na sha. Na ga mutane na sa "Amin IJN" a Facebook, na ɗauka ado ne, na shekara ina sawa. Wata ƙawata Kirista da muka yi makaranta tare ce ta ce min "da sunan Yesu" yake nufi, ta tambaye ni yaushe na koma wajensu.

Ɗan Ringim: To Malam, "ykk" ɗin nan na mace ne ko na namiji?

Tsohon Malami: Duka. Kake da kike, wasalin da ya raba su shi aka cinye.