Fim ɗin rawa a kan fako: ta ina za mu fara a Tawa?

Malama Rabi, Tawa:

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, kuma ina kula da wata ƙaramar ƙungiyar matasa masu rawa, maza biyar da mata huɗu. A hutun da ya wuce ƙanena da ke karatu a Yamai ya nuna mini wani fim a wayarsa, wanda aka ɗauka a bakin teku a ƙasar Senegal a 2020. Masu rawa 38 ne daga ƙasashen Afirka 14 suka koyi wata rawa da Bajamushiyar nan Pina Bausch ta tsara tun 1975, sai cutar korona ta hana su yin wasan a gaban jama'a, suka fita kan rairayi da almuru aka ɗauke su. Babu wanda ya ce uffan daga farko har ƙarshe, amma na ga tsoro, na ga yadda jama'a ke ware mutum ɗaya daga cikinta, har na kasa barci a daren.

Muna so mu gwada namu a kan wani fako da ke wajen Badagishiri, inda manoma ke haƙa tassa, wato ƙananan ramuka masu tare ruwa da taki, don ƙasar da ta mutu ta sake ba da gero. Tambayata ita ce, yaya za mu yi mai kallo ya fahimci dangantakar mutum da ƙasarsa ba tare da magana ba, kuma kada abin ya koma irin bidiyon waƙa da ake zuwa wuri mai kyau a yi tsalle a dawo?

Malam Isufu, Yamai:

Wa alaikumus salam, Malama. Na yi shekaru ina riƙe kyamara kafin idanuna su gaji, kuma amsar tambayarki tana cikin rawar da kika kalla. Ko a cikin zauren wasa, Pina Bausch sai ta sa an zuba ƙasa a kan dandamali kafin a fara wannan rawa, domin ƙafa ta nutse, numfashi ya yi nauyi, ƙasar ta manne wa gumi a jikin masu rawa. A bidiyon waƙa kuwa, da za a ɗauke dutsen da ke bayan mawaƙi a sa labule, babu abin da zai canja a takunsa. Saboda haka ki gwada kowane motsi da wannan ma'auni: idan yaranki za su iya yin sa daidai a kan simintin ajinku, to fakon bai shiga rawar ba tukuna. Fako yana da tauri, yana mayar wa ƙafa da duka, ramin tassa kuma yana tilasta wa mutum ya sunkuya ko ya tsallaka, kuma daga nan ya kamata rawar ta fito.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fina-finai wanda ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙwanni a 2004 aka binne shi nan Yamai, ya ɗauki bikin roƙon ruwa na yenendi a Simiri tun farkon shekarun 1950, kuma abin da aka san shi da shi shi ne ɗaukar kyamara a hannu ya shiga tsakiyar masu rawa yana tafiya da tafiyarsu. Ku yi haka, kada ku tsaya daga nesa, kuma kada ku yawaita yanka hoto, ku bar motsi ya kai ƙarshensa.

Sannan ku kula da sauti. Na taɓa ɓata aikin kwana biyu a kan tudun rairayi a hayin kogi, saboda na raina iskar hunturu. Da muka dawo muka saurara, babu komai sai huci, takun ƙafar da muka je dominsa duk ya ɓace, muka rufe shi da kiɗa ba da son raina ba. Ku naɗe makirufo da tsumma mai kauri, ku fita da asuba kafin iska ta tashi, ku ɗauki ƙarar diga a kan fako daban.

Hajiya Ta Keita, Yamai:

Ƴata Rabi, na ji daɗin niyyarki, sai dai akwai abin da Malam bai taɓa ba, kuma shi ne ya fi damuna. Mahaifiyata tana cikin matan da suka yi aikin gyaran ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya, bayan farin da ya cinye dabbobi ya kori maza zuwa ci-rani. Da kai suka riƙa ɗaukar duwatsu suna jera su a gangaren tudu don tare ruwa, ana biyansu da abinci. Har ta rasu, idan ta zauna sai ta kai hannu ta dafe ƙeyarta. Idan na ga an ɗauki irin wannan wahala an mayar da ita abin ado don baƙi su ce hoto ya yi kyau, raina yana ɓaci. Ku je ku gaishe da mai gari da masu gonar, ku zauna da matan, ku yi aikin tare da su ko da kwana uku ne kafin ku kunna kyamara, kuma idan fim ya kammala, su ne za su fara ganinsa a ƙofar mai gari kafin a sa shi a intanet.

Game da zumuncin da kike son nunawa, ba sai namiji ya ɗaga mace sama kamar yadda ake yi a finafinan Turai ba, don iyayen yaran nan ba za su yarda ba, kuma suna da gaskiyarsu. Ki dubi lugude: mata biyu ko uku a turmi ɗaya, kowace tana sauraron taɓaryar ƴar'uwarta, wadda ta yi gaggawa ko ta yi jinkiri sai taɓare su haɗu. Ki dubi dutse yana wucewa daga hannu zuwa hannu a layi, da yadda na baya ke jin nauyinsa tun kafin ya iso gare shi.

Abdul Mai Taku, Yamai:

Ina gaida Hajiya da Malam. Yaya Rabi, wurin da aka yi atisayen fim ɗin da kika gani makarantar rawa ce ta gwanar rawa Germaine Acogny, mai suna École des Sables, a Toubab Dialaw, inda ɗaya daga filayen koyon rawa rairayi ne zalla. Mu ma bayan ambaliyar 2020 mun ɗauki gajeren fim a wata unguwa ta bakin kogi da waya ɗaya, minti bakwai kacal, kuma abin da mutane suka fi tunawa shi ne inda wani abokinmu ya tsaya ya ɗora tafinsa a kan layin da ruwa ya bari a jikin bango, daidai ƙirjinsa. Shawarata ita ce ku ɗauki rawar sau biyu a wuri ɗaya, da rani lokacin haƙa da zuba taki, sannan a watan Agusta idan gero ya fito daga ramukan. Idan akwai gawo a gonar, ku sa shi a hoton, tun da shi yana kore da rani ya zubar da ganye da damina.

Malama Rabi, Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta sa na janye ranar da muka sa don fara ɗaukar fim. Ranar Asabar zan je ƙauyen ni da babbar ɗalibata, ba tare da kyamara ba, mu nemi izini mu ga ko za su bar mu mu riƙe diga tare da su. Abdul, akwai gawo biyu a gabashin gonar, zan duba inda inuwarsu ke faɗuwa da safe in sanar da ku.