Rana ta cinye min tamfol na biyu, ina neman shawara

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Atamfa da yadi nake sayarwa, ina bin kasuwanni da 'yar motata, Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Dambatta. Motar ma ta yayana ce, ya bar min da zai koma Kaduna, har yau ban gama biyansa ba, kuma matarsa sai maganganu take aiko min. Na sa mai walda ya kafa min ƙarafuna a gefenta, in na isa sai in jawo tamfol ya zama rumfa. Na farko bai shekara ba. Wannan kuma tun zafin Afrilu ya koɗe, in ka shafa sai farin gari ya biyo hannunka, jiya ya yage ta wajen igiya. Yaya zan yi?

Sabo Tela: Wa alaikumus salam. Wane iri ne, shuɗin nan na leda ko mai kauri?

Alhaji Mai Goro: Ba sai ya faɗa ba, shuɗi ne. Ɗana, garin nan robar ce rana ta dafe, kuma babu abin da zai dawo da ita. Ka nemi irin na tirela, ko kwance ne. In ka tashi kasuwa ka naɗe shi ka sa cikin mota, kar ya wuni a sama.

Baban Khalifa: Alhaji, na tirela ai sai mutum biyu, ni kaɗai nake fita. Cikin motar kuma kaya ne maƙil, dole a sama yake zama.

Ɗan Asabe: Ka shafe shi da baƙin mai, haka muke yi wa katako.

Alhaji Mai Goro: Baƙin mai a kan rumfar atamfa? Rana ta take ya ɗiga a kan shadda, wa zai biya?

Maman Ummi: Ni ba rana ce ta kashe nawa ba, mutane ne. Kanofi huɗu na ba da haya wani biki, aka naɗe su da danshi aka dawo min da su bayan kwana biyar, duk funfuna, sai wari. Da na yi magana wai ba ni da kara.

Sabo Tela: Malam, ka shimfiɗa asabari a samansa, ita za ta sha ranar. Kuma ka daina wanke shi da omo da buroshi, ruwa da tsumma sun isa.

Alhaji Mai Goro: Asabari? Iskar farkon damina ɗaya za ta kai masa ita Nijar.

Baban Khalifa: Omo ɗin sau biyu kawai na sa, ƙurar hunturu ce ta yi yawa. Ni dai ina ganin in na ɗinke inda ya yage zai kai ni Sallah. Malam Sabo, nawa za ka ɗinke min?