"Ɗaya cikin huɗu": in ɗan fari ya zo da sikila, sauran ukun sun tsira ke nan?

Maman Sadik, Pantami, Gombe

Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin lissafi ku raba mu gardama da maigidana. Ni jinina AS ne, shi ma AS, wato muna ɗauke da gadon sikila amma ba mu da ciwon. Ba mu yi gwajin jini kafin aure ba, sai da ɗanmu na fari ya kai wata takwas, hannuwa da ƙafafu suka kumbura, kuka ba dare ba rana, aka auna aka ce SS ne. Yanzu shekararsa uku, kuma duk wadda ta raini mai sikila ta san yadda gaba ke faɗuwa in sanyin hunturu ya shigo.

Ranar da aka ba mu sakamakon, ma'aikaciyar jinya ta ce "ai ɗaya cikin huɗu ne", ta kira na gaba. Maigidan ya riƙe maganar nan gam. Wai tunda ɗayan ya riga ya fito, uku masu zuwa lafiya lau za su zo. Ni dai ɗinki na iya, lissafina bai wuce yadi da inci ba, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Haka abin yake?

Malamin Lissafi, Yelwa, Bauchi

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Sadik lafiya. Malama, hankalinki ne da gaskiya. Maigidanki ya ɗauki abin kamar adashi: in ka yi kwasa, sai an zagayo kafin ta sake zuwa kanka. Jini ba shi da uwar adashi mai riƙe littafi. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, ba ruwanta da wadda ta gabata.

Ki gwada da hannunki. Samo ƙwarya biyu, ɗaya taki ɗaya tasa. A kowace ki sa farin wake ƙwaya ɗaya, shi ne A, da jan wake ƙwaya ɗaya, shi ne S. Rufe ido ki zaro ɗaya nan ɗaya can. Fari da fari AA, gauraye AS, ja da ja SS. Ki rubuta, sannan ki mayar da waken. Mayarwar nan ita ce duk zancen, domin haihuwar Sadik ba ta rage S ɗin da ke jininku ba.

Da za a tara gidaje 256 na AS da AS, kowane da 'ya'ya huɗu, abin da lissafi ke sa rai shi ne: 81 ba mai sikila ko ɗaya, 108 suna da ɗaya, 54 biyu, 12 uku, gida ɗaya kuma duka huɗun. Kin ga "ɗaya daidai cikin huɗu" bai ma kai rabin gidajen ba.

Kada maigidan ya ji kunya, manya sun faɗa ramin nan. A 1913, a gidan cacar Monte Carlo a ƙasar Monaco, a wata caca da ake jefa ƙwallo kan faifai mai gurabe ja da baƙi, ƙwallon ta faɗa baƙin gurbi sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya kan ja wai lokacinsa ya yi, suka tashi hannu rabbana.

Baban Biyar, Bolari

Malam, da girmanka, ni ban yarda da lissafin nan ba. Ni da uwargidana duk AS ne, 'ya'yanmu biyar, babu mai sikila ko ɗaya, an auna su kaf. Ina ɗaya cikin huɗun ya shiga? Allah ke ba da lafiya, ba wake a ƙwarya ba.

Malamin Lissafi, Yelwa, Bauchi

Alhaji, Allah ya raya su. Amma gidanka bai ƙaryata lissafin ba, yana cikinsa. Uku bisa huɗu, wato damar kowane ɗa ya zo ba sikila, ka ninka ta da kanta sau biyar, za ka samu 243 cikin 1,024. Wato kusan kashi 24 cikin ɗari na gidaje irin naka haka za su fita. Kai kana gari kana ba da labari, mai uku a kwance yana asibiti, ba ya zuwa majalisa, shi ya sa labarinka aka fi ji.

Tambayarka dai tana da nauyi, kuma ɗalibaina ba su cika yin ta ba: in gida mai biyar lafiyayyu bai rushe magana ba, gida mai uku marasa lafiya ma bai rushe ta ba, to me zai rushe ta? Maganar da ba abin da zai iya ƙaryata ta ai ba kimiyya ba ce. Amsar ita ce yawa. Gregor Mendel, wanda ya fitar da ƙa'idar gadon nan a 1866, bai tsaya kan kwanso ɗaya ba. A gwaji guda ya ƙirga ƙwayar wake 7,324: 5,474 sumul, 1,850 masu tamoji. Kusan uku da ɗaya, wato masu tamoji ɗaya cikin huɗu ke nan. A ƙirga 'ya'yan AS da AS dubu goma, in aka samu SS ɗari kacal, ni da kaina zan ajiye alli in ce an yi kuskure.

Batun ƙaddara kuwa ba mu da saɓani. Manomin da ya ga hadari ya haɗu a gabas ya kwashe shanyarsa bai yi jayayya da Mai ruwan ba.

Maman Sadik, Pantami, Gombe

Malam, na gode. Jiya bayan isha'i muka zauna da ƙwarya biyu, shi yana zarowa ina rubutawa a littafin awon kwastomomi. Sau 40 muka yi, ja da ja ya fito sau 11. Akwai inda muka yi tara a jere bai leƙo ba, har maigidan ya fara murmushi, sai ga shi sau uku bi da bi. Ya daɗe yana kallon waken a tafin hannunsa. Da safe ya ce in nemo katin Sadik, ranar Litinin tare za mu je wurin likita, yana da tambayoyi.