Wa ya taɓa zuwa tsibirin Isle of Man da jirgin ruwa?

Maman Ilham: Salam jama'a. Muna zaune a Manchester, hutun yara ya kusa, yarona ya addabe ni wai shi sai ya hau jirgin ƙasa mai hayaƙi irin na da, wata maƙwabciyata ta ce akwai a Isle of Man. Don Allah wanda ya taɓa zuwa, ta ina ake shiga jirgin ruwan, kuma bizar Ingila ta isa ko sai an nemi wata? Ni dai ruwan nan nake tsoro wlh

Bakatsine: Wslm Hajiya. Bizarki ta isa, ki dai riƙe fasfo. Hanya biyu ce, ko Liverpool ko Heysham. Na Liverpool shi ne mai gudu, bai kai awa uku ba kun sauka Douglas, babban birnin tsibirin, amma ba ya aiki da hunturu, na Heysham ƙato ne yana cin kusan awa huɗu sai dai bai cika jijjiga ba. Tunda kina tsoro ki ɗau babban, tekun nan in iska ta taso ba ta da mutunci, ki sha maganin amai tun kafin ku shiga.

Injiniya Sokoto: Hajiya jirgin gawayin nan ya cancanci wahalar. Daga Douglas yake tashi zuwa Port Erin, mil 15 ne kacal amma awa guda yake yi don ba sauri yake ba, layin tun 1874 yake. Taragan na katako ne, kowane ɗaki da ƙofarsa, tagar ma da maɗaurin fata ake saukar da ita, in yaro ya leƙa kai toka za ta shiga masa ido don haka kar ki sa masa fararen kaya. Ku je da wuri ku tsaya kusa da injin ya ga yadda ake zuba gawayi da shebur, ni da girmana ma tsayawa na yi baki buɗe. Ku sauka Castletown ku ga tsohuwar fadar. Akwai kuma na lantarki da aka fara tun 1893, yana zuwa Laxey, daga nan a hau wani zuwa saman dutsen Snaefell, amma in akwai hazo kar ku ɓata kuɗinku ba abin da za ku gani.

Bakatsine: Af na manta, ki guji ƙarshen Mayu da farkon Yuni, lokacin tseren babura na TT ne, masauki ba ya samuwa. Sannan canjin da za su ba ki fam ɗin tsibirin ne, ki kashe shi can, shagunan Ingila ba sa karɓa.

Maman Ilham: Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Heysham ɗin za mu bi, Baban Ilham ya ce shi ma zai je, wai don yaron 😂