Idan ruwa ya janye tsohon kwalekwale ya bayyana, a ciro shi ko a bar shi?

Ɗan Bakin Kogi:
Assalamu alaikum. Da rani koguna na janyewa fiye da yadda aka saba, da damina kuma ambaliya na zaftare gaɓa. Idan masunta ko masu ɗiban yashi suka ci karo da tsohon kwalekwale a cikin laka, me ya kamata a yi a ranar farko? Da yawa za su ce a ciro shi a shanya, sannan a kira hukuma. Haka ne?

Mai Adana Kaya:
Wa alaikumus salam, Malam. Shanyar nan ita ce ajalinsa. Katakon da ya yi ɗaruruwan shekaru a laka, ƙananan halittu sun riga sun cinye yawancin naman cikinsa, ruwa ne ya cike gurbin yake riƙe da siffarsa. A ido lafiya lau yake, amma ka danna da farce sai ya lotsa. Da ya fara bushewa sai ya tsuke, ya tsage, ya murɗe, kuma ko an mayar da shi ruwa ba ya komawa yadda yake. Da hunturu, lokacin da danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, yini guda ya isa a ga tsaga.

Don haka kada a ɗaga, kada a kankare lakar da ke jikinsa. A ɗauki hoto da sanda mai awo a gefe, a adana lambobin GPS na wurin da waya. A lulluɓe abin da ya fito da jiƙaƙƙun buhunan algarara, a ɗora leda, a yi masa rumfa, a riƙa yayyafa ruwan kogin safe da yamma. Idan masana za su daɗe ba su iso ba, a mayar da laka da yashi a kansa, kaurin aƙalla rabin mita, don iska ba ta ratsa hakan sosai. A Najeriya hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, NCMM, ake sanarwa, ta hannun mai gari da gidan tarihi mafi kusa.

Hajiyar Tarihi:
Kwalekwalen Dufuna ya ishe mu misali. Wani makiyayi ne ya gano shi a 1987 yana haƙar rijiya kusa da Komadugu Gana, a jihar Yobe ta yau, sai 1994 masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kusan 8,000. Abin da ya tsare shi zurfin kusan mita 5 ne da jiƙaƙƙiyar ƙasa marar iska.

Nan sauyin yanayi ke shigowa. Jiƙa da bushewa a kai a kai sun fi komai illa: ruwan ƙasa ya sauka, iska ta shiga, funfuna da gara su biyo baya. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 kan kare kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa, wadda Najeriya ta amince da ita a 2005, ta ce barin abu a inda yake shi ne zaɓin da za a fara dubawa. Amma fara dubawa aka ce. Idan gaɓar na zaftarewa duk shekara, barinsa asara ce, gara a shirya tankin ruwa a ciro shi a kan shimfiɗar katako mai tallafe shi daga kai zuwa gindi.

Mai Adana Kaya:
Gaskiya ne Hajiya, sai dai a san nauyin da ake ɗauka. Bayan ciro shi ana maye gurbin ruwan da wani sinadari mai kama da kakin zuma, PEG. Ana farawa da kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ana ƙarawa sannu a hankali. In aka yi gaggawa, sinadarin mai kauri kan zuƙe ruwan katakon kafin ya shiga, sai ya lotse daga ciki. Jirgin Vasa na Suwidin, da ya nutse a 1628 aka ciro shi a 1961, shekara 17 ana fesa masa PEG. Duk da haka a 2000 aka ga tabo a jikinsa: farar wuta da ƙarfen da ya tsotsa sun haɗu da danshi suna zama asid. Yanzu ana tsare ɗakinsa a danshi kusan kashi 53.

Ɗan Bakin Kogi:
Na gode. An ce ana iya amfani da sukari maimakon PEG tunda ya fi araha?

Hajiyar Tarihi:
Ana yi, Malam, kuma yana hana tsukewa. Matsalarsa a ƙasa mai zafi ita ce ruwan sukarin kan yi tsami cikin 'yan kwanaki in ba a zuba maganin ƙwayoyin cuta an rufe tankin ba, bayan an gama kuma tururuwa da danshin damina su addabi katakon. In akwai ƙusoshi ko wani ƙarfe a jiki, a faɗa wa mai aikin tun farko, domin PEG na cin ƙarfe.