Gano ƙananan tsinaye a awon Raman da ragar jijiyoyin kwamfuta

Ɗalibar Sinadarai:
Assalamu alaikum. Samfuran da nake aunawa da na'urar Raman, wadda ke haska samfur da leza ta zana layi mai tsinaye da ke nuna sinadaran cikinsa, suna da ƙyalli sosai, har gindin layin yakan tashi kamar tudu, ƙananan tsinaye kuma su nutse cikin hayaniyar awo, wato ƙananan hawa da sauka marasa tsari da ke dagula layin. Na gwada sulɓe layin da hanyar Savitzky da Golay ta 1964, amma da zarar na faɗaɗa tagar, wato yawan ɗigon da ake sulɓewa tare, sai tsinaye biyu da ke maƙwabtaka su haɗe su zama ɗaya. Shin ragar jijiyoyin kwamfuta, wato manhajar da ke koyo daga misalai, za ta fi wannan, kuma da me zan horar da ita, tunda awon da ke hannuna bai kai ɗari ba?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam, Malama. Ƙarancin awo ba zai hana ki ba, domin ana ƙirƙirar bayanan horo ne da lissafi. Ki zana dubban layuka masu tsinaye a siffofin lissafi da ake kira Lorentz, Gauss ko Voigt, ki bambanta tsayinsu da faɗinsu da tazararsu, sannan ki ɗora musu gindi mai lanƙwasa da hayaniya. Tunda ke kika dasa kowane tsini, kin san mazauninsa tun farko. Tsarin raga mai suna U-Net, wanda aka fitar a 2015 domin hotunan ƙwayoyin halitta, yana aiki da kyau idan aka mayar da shi na layi ɗaya, ya riƙa ba kowane ɗigo kimar yiwuwar cewa tsini ne.

Tsohon Ma'auni:
Na yarda da Malam, sai dai akwai tarko a nan, kuma na taɓa faɗawa cikinsa. Na horar da raga da hayaniya mai ƙarfi ɗaya a ko'ina, alhali hayaniyar ƙirga haske tana ƙaruwa ne gwargwadon tushen murabba'in hasken da ya shigo, saboda haka a saman tudun ƙyalli ta fi yawa. Ragar ta yi ta nuna mini tsinayen da babu su daidai wurin. Haka kuma ta ɗauki tartsatsin ƙwayoyin sararin samaniya da ke bugun kyamarar CCD, wato idon na'urar da ke karɓar haske, a matsayin tsini, duk da cewa faɗinsa bai wuce ɗigo ɗaya ko biyu ba, kuma ba ya sake bayyana a awo na biyu. Shawarata, ki auna fanko, wato samfurin da babu sinadarin da kike nema a cikinsa, sau da yawa da na'urarki, ki yi amfani da wannan hayaniyar wajen horo, sannan ki ba ragar fankon da ba ta taɓa gani ba, ki ƙirga tsinayen ƙarya da za ta kawo.

Mai Lissafi:
Gaskiya ne. Ki kuma daidaita na'urar da silikon, wanda tsininsa ke kusa da 520 cm⁻¹ a ma'aunin layin Raman, kafin komai. Idan tsayin tsini bai ninka hayaniya sau uku ba, ki maimaita awon sau huɗu ki ɗauki matsakaici, hayaniyar za ta ragu da rabi.

Ɗalibar Sinadarai:
Na gode, Malamai. Zan fara da awon fankon.